Ranar da Aka Kori Kaka Noreen

Noreen Halvorsen ta yi fiye da rabin rayuwarta tana tuƙa motar 'yan makaranta, saboda haka babu irin yaron da ba ta sani ba. Daga yadda yaro ya tako matakalar mota take gane wanda ya karya kumallo da wanda aka balbale da faɗa kafin ya fito. Ta san masu rige-rigen zama jikin taga don su ɗaga wa na gida hannu. Ta kuma san 'yan ƙalilan ɗin nan da ke zama ta gefen hanyar wucewa su rungume jaka a cinya, don babu wanda ya rako su balle su waiwaya.

Da ta yi ritaya sai shiru ya nemi ya kashe ta. Gida ba miji ba jika, sai firji da ke gurnani shi kaɗai. Don haka da Wendell, ɗan ƙanenta, ya bugo waya ya ce yana neman babbar mace da za ta riƙe ɗakin ƙananan 'yan mata a sansanin hutun yaran da yake shugabanta, ba ta bari ya kai aya ba.

"Ba albashi fa, Gwaggo," in ji shi. "Daga sauro sai makaroni."

"Kai dai ka ajiye mini gadon ƙasa. Gwiwoyin nan ba sa hawa sama."

Wendell kuwa ɗa ne a wurinta, ba wani abu ba. Tun da uwarsa ta rasu ubansa ya kama aikin nesa, a kujerar bayan direba ya girma, yana cin biskit yana zuba mata surutu a ƙeya. Yanzu ya zama ƙaton mutum mai gemu da usur a wuya, amma har gobe in ya yi dariya sai ta ga yaron nan mai giɓi.

Aka ba ta Ɗakin Agwagi, ɗakin katako na ƙarshe kafin a gangara tafki. 'Yan matan suka iso da akwatuna masu taya da matasan kai masu hoton kyanwa, iyaye na biye suna jaddada maganin sauro da na rana. Kafin la'asar duk sun raɗa mata suna Kaka, ita ma ta amsa, don suna ne da ta daɗe tana kwaɗayinsa.

Ta ƙarshe da ta shigo ita ce Odessa, 'yar shekara tara, siririya, idanu ƙyar a kan kowa. Ba uwa ce ta kawo ta ba, ma'aikaciyar hukumar da ke ba da yara riƙo a gidajen mutane ce, wadda ta sa hannu a takarda ta juya. Kayanta duka a baƙar ledar shara suke, an ƙulle bakin. Noreen ta nuna mata kantar da za ta jera su. Yarinyar ta dubi kantar, ta dubi Noreen, ta tura ledar ƙarƙashin gado da ƙafa.

"Ke yaushe za ki tafi?" Ita ce maganar farko da ta fito daga bakinta.

"Ranar da kowa zai tafi."

"Haka kowa yake cewa."

Kullum da safe sai Odessa ta kwance ledar, ta zaro riga ɗaya, ta sake ƙullewa. Da takalmi a ƙafa take kwana. Sauran yara suka fara ƙus-ƙus, Noreen ta watsa musu irin hararar da take yi ta madubin mota, magana ta mutu.

Ruwa ne ya haɗa su. Dokar sansanin ita ce kowa, yaro da babba, sai an gwada iyonsa kafin a bar shi ya shiga tafki. Wanda ya ci a ɗaura masa koriyar roba a hannu, ya tafi can wurin zurfi. Wanda ya faɗi a ɗaura masa ja, iyakarsa inda igiya ta tsaya. A duk Ɗakin Agwagi mutum biyu ne suka sami ja, kuma suka tsaya gefe da gefe ruwa iya cinya suna rawar sanyi.

"Tsohuwa, duk girman nan naki ba ki iya ruwa ba?"

"Ke da kika iya, me kike yi a nan kusa da ni?"

"Gadinki nake yi. In kika nutse wa zai iya ɗago ki?"

"Ji 'yar banza. Ke ko iska ce ta kaɗa sai an bi ki da kwalekwale."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Odessa, ta yi maza ta haɗiye shi. Daga ranar suka zama abokan tsokana. Odessa ta ce munsharin Kaka ne ya kori kifayen tafkin. Noreen ta ce ta taɓa ganin tsintsiyar da ta fi Odessa ƙiba. A haka, cikin zagi da shan ruwa ta hanci, suka koyi kwanciya a kan ruwa, ɗaya na tallafe da bayan ɗaya. In Noreen ta sa tafin hannunta ƙarƙashin bayan yarinyar sai ta ji ƙasusuwan duk a ɗaure, kamar mai jiran a sake ta. Ba ta taɓa sakinta ba sai yarinyar ta ce, "To, saki."

Wata rana bayan abincin rana, lokacin da ake tilasta wa yara hutawa, su biyu suka zauna a kan katakon da ya miƙa cikin tafki. Odessa na saƙa warwaron zare, irin wanda duk yaran sansanin ke saƙawa su ɗaura wa wanda suke so. Nata dai abin tausayi ne, wani wuri kauri wani wuri kamar zai tsinke. Ba ta ɗago kai ba ta fara magana.

"Matar da ta riƙe ni kafin wannan, fanke ta soya mini da safe. Har da zuma. Ta kai ni makaranta da kanta. Da aka tashi sai na ga matar hukuma a bakin ƙofa, ledata a bayan motarta." Ta ja zaren da haƙori. "Ko sai an jima ba ta ce mini ba. Ta sani fa, tana soya fanken nan ta sani."

Noreen ba ta iya daɗin baki ba, tsawa ta iya, don haka abin da ke ranta kawai ta faɗa.

"Ni ba zan ce miki zan zauna har abada ba, ƙarya ce. Amma ba zan taɓa tafiya ban dube ki na yi miki sallama ba. Duk abin da na sani game da tafiyata, ke ma za ki sani."

"Rantse."

"Na rantse da gwiwoyina biyu, su kaɗai suka rage mini."

"Kawo hannu, tsohuwa."

Ta ɗaura mata warwaron kusa da jar robar, ta ƙulle tamau. A al'adar wurin ba a kwancewa, ba a yankewa, sai ranar da ya gaji ya faɗi da kansa. Washegari da Noreen ta dawo daga wanka ta tarar da rigunan Odessa a jere a kan kantar nan, an ninke su a karkace, takalma kuma a bakin ƙofa tare da na kowa. Ta juya ta fita, don kada yara su ga Kaka tana share ido.

Murna ce ta kai ta ofishin Wendell. Ta zauna ta zazzage masa komai: ledar, takalman, fanken, alkawarin. Wa za ta gaya wa in ba shi ba? Ya saurara yana gyaɗa kai, har ya ce, "Allah sarki. Gwaggo, kin yi aiki."

Ana haka makon ƙarshe ya matso, hankalin kowa ya koma kan Yaƙin Launi. Kowace shekara da shi ake rufe sansani: a raba yara gida biyu, Ja da Shuɗi, a yi ta gasar tsere da jan igiya da waƙa har ranar tafiya. Daɗin abin shi ne babu yaron da ya san ranar da zai ɓarke. Manya ne ke shirya wata dabara su ruɗa yara, sai hankali ya tashi sannan a busa ƙaho a ce yaƙi ya fara. An taɓa cewa wani ƙaton kada ya shiga tafki. An taɓa kawo motar kashe gobara. Tsofaffin ɗaliban sansanin, masu furfura yanzu, in sun haɗu ba su da hira sai ta shekarar da aka fi ruɗa su, kuma kowane shugaba so yake a riƙa ambaton tasa.

Wendell ya tare Noreen a bayan ɗakin girki, idanunsa na ƙyalli.

"Gwaggo, bana ke ce za ki fasa mana yaƙi. Korar ki zan yi."

"Uban wa za ka kora?"

"Tsaya ki ji mana. Ana tsakiyar cin abincin rana zan shigo in yi miki kaca-kaca, in ce kin bar yara a ruwa ba mai kula. Ki ɗauki akwatinki ki fita. Yaran nan kaf sansanin babu wanda suke so kamarki, za su haukace. Can sai ga ki a kan tarakta, rabin fuska ja rabi shuɗi, kina busa ƙaho. Wallahi sai jikokinsu sun ji labari."

Ta yi dariya, don ita ma tana son a yi da ita. Sai dariyar ta tsaya.

"A'a. Odessa."

"Na san za ki ce haka, na riga na yi tunaninta. Kafin a shiga cin abinci zan kira ta ofis in gaya mata sirrin. Ita kaɗai a duk yaran za ta sani. Ki duba girman da aka ba ta."

"To bari in gaya mata da kaina."

"Haba Gwaggo, in kika gaya mata yau, kafin gobe Ɗakin Agwagi duk sun ji, ke ma kin san yara. Sai dab da lokaci. Ki bar mini, ni ne shugaba, daga bakina zai fi mata daɗi." Ya dafa ƙirji. "Ni ne fa, Wendell ɗinki."

Ta dube shi, ta ga mai giɓin nan na bayan kujerarta. Ta ce to.

Ranar, tun safe ta kai akwatinta ta ajiye a bayan ƙofar zauren cin abinci, ba komai a ciki. Da aka buga ƙararrawa ta hango Wendell yana saurin wucewa, ta ɗaga masa gira. Ya ɗaga mata babban yatsa, ya ce da ƙarfi yadda za ta ji, "An gama." Odessa ta iso tebur a makare, tana haki, ta zauna a gefenta kamar kullum. Noreen ta ce a ranta daga ofis take. Ta leƙa fuskarta ba ta ga alamar komai ba, har ta yaba: yarinyar nan akwai zurfin ciki.

Zauren ya cika da ƙarar cokula da waƙoƙin da tebura ke jifan juna da su. Makaroni da cuku ne, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Sai aka banko ƙofa. Wendell ya shigo fuska a murtuke, ya busa usur, wuri ya yi tsit.

"Noreen Halvorsen, tashi tsaye."

Ta miƙe. Ya iya, ba laifi. Ya ce ta bar yara a ruwa ta tafi shan shayi. Ya ce ba ruwansa da dangantaka, doka doka ce. Ita ma ta mayar masa, ta ce ita ta share masa majina, ya ce wannan a da ne. Sannan ya nuna ƙofa.

"Ki tattara naki ya naki ki bar mini sansani. Yanzu, ba sai an jima ba."

Yara suka fara gunaguni, wasu suka fara "A'a! A'a!" Noreen ta taka ɗaya, biyu, sai ta ji an cafke ta ta baya. Ihun da ya biyo baya ba ta taɓa jin irinsa ba, duk shekarunta a cikin yara.

"Ƙarya ne! Ba ta bar mu ba! Ina wurin! Ni ce na shiga ruwa ban tambaya ba, ni za a kora! Kaka, gaya masa! Kaka!"

Odessa ta zagayo ta gaba ta ƙanƙame ta, fuskarta a jiƙe. Noreen ta sunkuya a kanta. Abin da ya zo mata a rai, wanda har ta mutu ba za ta yafe wa kanta ba, shi ne: kai, 'yar nan ta iya wasan kwaikwayo! Har wani alfahari ta ji. Ta kashe mata ido ɗaya, irin na mu biyu muka san dawan garin. Sannan ta kama 'yan yatsun da suka nutse a rigarta ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa ta ga wata ma'aikaciya, ta ɗauki akwatinta. Kukan Odessa ya kama sauran yara kamar wutar kara, zaure duka ya rikice. Tana fita ta lura da mai ɗaukar hoton sansanin a durƙushe dab da teburinsu, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

A bayan rumbun kwalekwale aka shafa mata fenti, ana ta ƙyaƙyata dariya. Aka ɗora ta a kan tarakta da ƙyar, aka miƙa mata ƙaho. Da suka ɓullo ta gaban zauren ta busa iya ƙarfinta, tutoci ja da shuɗi suka zubo daga rufi, lasifika ta ɗauka: "Yaƙin Launi! Yaƙin Launi!" Yara suka ɓarko waje, masu hawaye na dariya, ana tsalle ana rungumar juna, ana kiran "Kaka! Kaka!" Noreen na daga sama tana ɗaga hannu tana neman fuska ɗaya. Aikinta ne ƙirga kawuna, ba ta taɓa kuskure ba. 'Yan Ɗakin Agwagi duk suna nan, ban da ɗaya.

Ba ta san yadda ta sauko daga taraktar ba. Ta gangara ɗakin da fenti a fuska, ƙahon na hannunta. Odessa na zaune a bakin gado. Kantar wayam. Baƙar ledar na kan cinyarta, an ƙulle bakin, takalmanta a ƙafa an ɗaure igiya. Ta daina kuka, sai ajiyar zuciya da ke fizgar ta lokaci-lokaci.

"Odessa, ga ni. Wasa ne, ai kin sani. Ba Wendell ya kira ki ofis ba?"

Yarinyar ta ɗago ta kalli fuskar nan rabi ja rabi shuɗi, ta daɗe tana kallo.

"Ba wanda ya kira ni. Tawul ɗina na koma ɗaukowa a bakin ruwa."

Ƙahon ya faɗi daga hannun Noreen.

A filin wasa ta sami Wendell, yana raba wa yara riguna, bakinsa har kunne. Ta ja shi gefe ta hannun riga kamar yadda take jan sa yana ƙarami.

"Ba ka gaya mata ba."

"Gwaggo, kin ga yadda abin ya tashi kuwa? Ba a taɓa yin irin..."

"Na ce ba ka gaya mata ba. Ka dube ni ka ce an gama."

Ya sosa gemu, ya waiwaya ko akwai mai ji. "To, gaskiya na yi niyya. Sai na yi tunani, manyan yaran nan sun san dabarunmu, da sun ga ba wanda ya damu da gaske za su gano. Dole sai da kukan gaske. In da ta sani, da ba ta yi yadda ta yi ba."

"Shi ya sa ka aje mai hoto a teburinmu."

Ya kawar da kai ya dubi yaran da ke jiran riguna.

"Abin da na zo na gaya maka a ofis, ina murna, shi ka ɗauka ka auna inda zai fi yi mata ciwo. Da bakina na ba ka wuƙar."

"Haba, kin mayar da abin wani babba. Minti nawa ne duka? Kowace shekara yara na kuka, anjima su manta. Ni ma an yi mini, ga ni ban mutu ba."

"Kai da aka yi maka, wa ka tarar a gida da ka koma? Ba ni ba?"

Wani yaro ya kira shi daga nesa, ya amsa da sauri kamar wanda aka ceto. "Zan ba ta haƙuri, Gwaggo. Zan ba ta tutar Ja ta riƙe. Ki bari a gama yaƙin nan tukuna." Ya tafi yana busa usur.

Noreen ta tsaya a wurin tana jin zuciyarta na tafasa. Da baƙo ne ya yi mata, da ta zage shi tas ta huce. Amma wannan ita ta koya masa ɗaure igiyar takalmi. Ya san da muryar da zai ce "Wendell ɗinki" ta sauke duk wata garkuwa, kuma da ita ya yi amfani. Ta yi niyyar ta cika akwatin nan da gaske ta kama hanya, kada ta sake ganin gemunsa. Har ta kai bakin motarta ta tuna wadda za ta wayi gari ta ga gadon ƙasa babu kowa. Ta koma ta wanke fuskarta a famfo, fentin ya ƙi fita duka.

Kwanakin da suka rage, Odessa ba ta yi rashin kunya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ba "tsohuwa", ba zancen munshari. In Noreen ta miƙa mata abinci sai ta ce, "Na gode, Madam Halvorsen." Aka ba ta tuta ta ce hannunta na ciwo. Lokacin iyo ta zauna a kan yashi da takalmanta. Noreen ta yi mata bayani, ta sake yi, ta ce an yi mata alkawari ne aka saɓa, ita ma yaudararta aka yi. Odessa ta saurara da ladabi har ta gama.

"Na ji," ta ce. "Duk wanda ya mayar da ni, akwai wanda ya sa shi."

A daren rufewa aka haska hoton ɓarkewar yaƙi a jikin farin ƙyalle. Da fuskar Odessa ta cika ƙyallen, baki a buɗe tana kiran Kaka, zaure ya ɗauki tafi da dariya, ba don mugunta ba, don kowa ya san yadda labarin ya ƙare. Noreen ta tashi ta je ta zare wayar na'urar daga bango. Aka yi tsit, Wendell ya ce, "Gwaggo..." Ba ta ko dube shi ba. Ihu ne bayan hari, ta sani, don kujerar Odessa ta riga ta zama wayam.

Ranar tafiya motoci suka jeru a bakin hanya. Ana ta koke-koke da rungume-rungume da rubuta suna a jikin riguna. Noreen ta sallami 'yan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nufi motar da za ta mayar da yaran birni. Odessa na kan layi, ledarta a kafaɗa. Noreen ta durƙusa a gabanta, gwiwoyin suka yi ƙara.

"Na ce ba zan tafi ban yi miki sallama ba. Ga ni na zo. Wannan ta gaske ce."

Odessa ta kalli warwaron da ke hannun Noreen, wanda fenti ya ɓata gefensa. Noreen ta ɗauka za ta ce a ba ta abinta, har ta shirya. Ba ta ce ba.

"In tambaye ki?"

"Tambayi, 'yata."

"Lokacin da kike cire hannuna daga rigarki, kin san za ki dawo?"

"Na sani."

"Kin sunkuyo. Bakinki yana nan." Ta taɓa kunnenta. "Me ya sa ba ki raɗa mini ba?"

Noreen ta nemi amsa. Akwai ta, ta faɗe ta sau da yawa a kwanakin nan: na zaci kin sani, an ce mini an gaya miki. Amma ta ji yatsun nan a jikinta ranar, ta ji yadda suke rawa. Ita da ke gane yaron da bai karya ba daga takunsa. Kalma ɗaya ce da ta ishe su, ta bar ta a hannun wani saboda ya ce shi nata ne.

Odessa ta jira kaɗan, sannan ta gyaɗa kai kamar babbar mace.

"Sai an jima, Madam Halvorsen."

Ta hau matakalar. Direban ya rufe ƙofa, ya tayar da mota. Tagogi suka cika da hannuwa da fuskoki, ana ta kiran "Kaka! Sai baɗi, Kaka!" Noreen ta bi gefen motar tana ɗingishi tana leƙa taga bayan taga, har ta hango ta. Akwai wuri a jikin taga, babu kowa a kai. Odessa ta bar shi, ta zauna ta gefen hanyar wucewa, ta rungume ledarta a cinya, idonta a kan ƙeyar direba.